Ka Fara da Kumasi

Tsafe,
ranar Lahadi.

Zuwa ga ɗana Aminu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da maƙwabtanka na kasuwa. Mu nan sai godiyar Allah. Ƙafar nan tawa tana nan yadda ka bar ta, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Allah ya tsare ka a zamanka, ya tsare ka a tafiyar da ka sa gaba, ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga Tsafe zuwa Gusau, tafiyar da ba ta kai a ɗora sanwa a sauke ba. Dalili shi ne ban kyauta maka ba shekaranjiya Juma'a, kuma bakina ba zai iya gyara abin ba, sai alƙalami. Ka zo da murnarka, ka zauna a bakin tabarmata, ka buɗe waya kana nuna mini garuruwan da za ka: Kwatano, Lome, Akara, Abijan, Bamako. Ka ce kana so ka ga kasuwannin shadda da atamfa da idonka, ka huta da saye ta hannun dillalai. Ni kuwa na ce "to, Allah ya tsare," na juya ina tambayarka yadda ake sayar da dusa a Gusau. Bayan ka tafi mahaifiyarka ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, wanga wane irin abu na? Yaro ya zaka da albishir, kai ka tarbe shi da zancen awaki?"

Kwana biyu ke nan ina neman sunan da zan sa wa abin da na ji. Na so in ce damuwa ce irin ta uba. Na so in ce tsoron hanya ne. Duk ba su ba ne. Kishi ne, Aminu, tsagwaronsa. Na zauna ina kallon ɗan cikina yana shafa ƙasashe biyar da ɗan yatsa kamar mai zaɓen tumatir. Na yi istigfari, don na san inda irin wannan ke kai mutum, amma bai tafi ba. Mahaifiyarka kuma ba ta taimaka ba. Tun jiya duk wadda ta shigo gidan nan, ko aron turmi ta zo, sai ta ji cewa Aminu za shi ƙasashen waje. Ni da na shekara talatin ina koya wa yara sunayen waɗannan ƙasashe a kan allo, ba a taɓa yin shelata haka ba. Kai ma ko tayin baka ba ka yi mini ba, irin wanda ake yi wa mai azumi in an ajiye kwano. Na san likita ya hana ni doguwar tafiya, na san kai ka kai ni wurinsa, amma da ka ce "Baba, ko za mu?" da na samu abin da zan ƙi.

Sai dai ba kishin kaɗai ya sa na ɗauki alƙalami ba. A can ƙasan jerin naka, bayan Bamako, na ga ka rubuta: "Kumasi, gaida Baffa, in lokaci ya bari." Wannan layin ne ya hana ni cin abincin rana. Na taɓa rubuta irinsa da hannuna, kuma ba ku taɓa jin cikakken labarin ba, don kunya ba ta bar ni na ba ku ba.

Baffanka Haruna, wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ka sani. Abin da ba ka sani ba shi ne shi ya goya ni. Shi ke ɗora ni a wuya daga gidanmu na Kucheri zuwa gona, shi ya sa mini suna Nomau don da damina aka haife ni, kuma ban da shi ba mai kira na da shi yanzu. Ina ɗan shekara goma sha biyu ya bi 'yan goro ya tafi, bai sake tako ƙasar nan ba. Ina jin kunyar dawowa hannu biyu ce ta riƙe shi da farko, daga baya kuma aure da 'ya'ya. Da na kai shekarunka na yau, ina koyarwa a firamare, na ƙudura zan je in gan shi a dogon hutu. Na rubuta masa takarda na faɗi ranar da zan iso. Amsa ta zo bayan wata guda, layi uku kawai, na ƙarshe yana cewa yana jirana, ko'ina ba zai je ba.

Kuskurena na farko tun ban bar gida ba na yi shi. Na ce ba zai yiwu in ƙetare ƙasa ban yi ban kwana da dangi ba, sai na hau keke da mota na zaga. A Bilbis wani abokin mahaifinmu ya ba ni takarda in kai wa ƙanensa a Yamai. A Bungudu kakanka na wajen uwa ya ce in duba masa wani almajirinsa na dā da aka ce yana can wajen. Da na isa Rawayya, gwaggonmu Hajiya Kulu ta shiga ɗaki ta fito da ƙunshin daddawa da kuka ya kai girman kan jariri, ta ajiye a gabana.

"Tunda Gwanja za ka," in ji ta, "ga wanga ka kai ma Isa. Shekara bakwai bai sha miyar gida ba."

Na ce, "Gwaggo, a wane gari yake?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ina gabas take. "Gwanja mana. Ai dut wuri guda na. In kat tai, ka tambaya, kowa ya san Isa."

Ka ga, a wurin mutanenmu na lokacin, duk wanda ya yi yamma ya daɗe, Gwanja ya tafi. Ko Gana yake, ko Togo, ko Abijan, sunan ɗaya ne, kuma a zuciyarsu gari ne guda mai kasuwa guda da masallacin Juma'a guda. Ni da nake malamin labarin ƙasa na san ba haka ba ne. Amma wa zai dubi gwaggonsa ya ce ba zai ɗauki saƙon ɗanta ba? Na sa hannu biyu na karɓa, har da godiya.

To kai ma za su yi maka, don mahaifiyarka ta riga ta buga ganga. Yanzu ba su cewa Gwanja, "waje" suke cewa, amma tunanin bai canza ba. Za ka ji an ce, "tunda waje za ka, ai kan hanya ne." Ka tambayi sunan gari, da unguwa, da lambar waya, ka kira mutumin tun kana Gusau. In garin ba ya cikin inda za ka, ka ba da haƙuri a nan take. Fushin gwaggo na kwana uku ne. In kunya ta hana ka, ka ce ni na hana, ai an san halina.

Na biyu, da zare na auna tafiyata. Akwai wata babbar taswira a bangon ofishin hedimasta, na ɗauki zare na shimfiɗa daga Gusau zuwa Sakkwato, zuwa Yamai, na gangara har Kumasi, na raba da gudun mota, na samu kwana huɗu. Na yi ta jin daɗin kaina, ina ganin ilimi ya yi rana. Zare bai faɗa mini cewa mota ba ta tashi sai ta cika ba. Bai faɗa mini damina ce ba, gada na iya karyewa. Bai kuma san cewa baƙo ba ya sauka gidan mutum yau ya ce gobe zai wuce ba. A Yamai, adireshin da aka ba ni shi ne "kusa da masallaci." Kwana biyu ina yawon masallatai kafin in samu mai takardar. Da na same shi ya rungume ni ya yi kuka, ya sa aka yanka zakara, ya rantse ba zan tafi ba sai na yi Juma'a tare da shi. Almajirin kakanka kuwa ban ko ji ƙamshinsa ba.

Na ga naka lissafin, kuma wayarka ba ta fi zarena wayo ba. Ta ce maka daga Lome zuwa Akara awa kaza ne, ka rubuta awa kaza. Gari shida a kwana goma sha biyu, kwana bibbiyu ke nan, ka manta ranar shiga da ranar fita duk na hanya ne. Yaushe za ka zauna da 'yan kasuwar da ka je dominsu? Mutumin da bai sha shayi da kai sau biyu ba ba zai nuna maka shaddar da yake ɓoyewa a ƙarƙashin tebur ba, kai ka fi ni sanin wannan. Taura biyu ba ta taunuwa, kai kuwa shida ka cusa a baki. Ka cire Bamako, ka cire Abijan, suna nan ba inda za su. Ka bar kwana biyu a tsakiya da ba ka rubuta musu komai ba, don hanya za ta zo ta karɓi nata ko ka ba ta ko ba ka ba ta ba.

Ina rubuta "ka cire Bamako" sai na tsaya na tambayi kaina, shin shawara ce ko kishin ne ke son rage maka garuruwa don kada ka fi ni da yawa? Na duba da kyau. Akwai kishin a ciki, ba zan ɓoye ba, amma shawarar ta fi shi nauyi. Ka ɗauke ta haka nan, kamar hatsin da ba a gama sheƙewa ba.

A Yamai ɗin ne aka shaida mini Isa ba ya Gana sam, yana Lome. Da mai hankali ne ni, da na bar wa mai masaukina daddawar nan na kama hanyar Kumasi. Amma na ce amana ce. Kuma, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, ba amanar kaɗai ba ce. An ce mini Lome a bakin teku take, ni kuma tun ina yaro nake son ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa. Sai na ɗora wa Gwaggo nauyin kwaɗayina, na juya kudu.

A kan iyakar ƙasar Binin aka tambaye ni katin rigakafin shawara. Ba irin shawarar da nake ba ka ba, ciwon nan da ke sa ido ya yi ruwan ɗorawa. Ban taɓa jin ana neman wani kati ba. Suna Faransanci, ina Turancin makaranta, babu mai jin wani, har wani mai sayar da kilishi ya shiga tsakani. Kwana biyu na yi a wurin kafin a yi mini allura a sake ni. Nan ne kuma suka kwance kayana saboda wari, aka tarar daddawa ta jiƙe da zafi ta ratsa farar rigar da na ɗinka wa Yaya Haruna, wadda na ba maɗinki wata biyu yana yi mata aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya, Aminu. Ka ɗauko fasfonka yau ka duba ranar mutuwarsa. Ka nemi katin allurar nan tun yanzu, ka sa shi a aljihun gaba, ba cikin akwati ba. Kowace iyaka za ka ƙetare, ka tambayi wanda ya ƙetare ta kwanan nan, ba wanda ya ji labari ba. Kuma kada abin ci ya kwana jaka ɗaya da tufafi.

Na samu Isa a zangon Lome ba wuya, a nan kam Gwaggo ta yi gaskiya, kowa ya san shi. Na miƙa masa ƙunshi, ya buɗe, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya kama hannuna ya kai ni bakin layinsu, ya nuna mini mata uku a jere, kowace da tiren daddawa a gabanta.

"Malam," in ji shi, "wagga ka ɗauko tun daga Rawayya? Ai da ka taho da gaisuwa kawai, ta hi sauƙin ɗauka."

Shi ma ya riƙe ni kwana uku. Na ga teku. Na tsaya ruwa yana zuwa yana lasar ƙafata yana komawa, na ce lalle Allah da girma yake. Ba zan ce maka bai burge ni ba. Amma da an ce mini ga abin da zan biya, da ban ko waiwaye shi ba.

Duk wannan lokaci ina sane da cewa ranar da na faɗa wa Yaya Haruna ta wuce. Ba waya, ba hanyar aika kalma. Abin da nake faɗa wa kaina shi ne, ai ya ce ko'ina ba zai je ba. Kuma akwai wata ɗabi'a da aka raine mu da ita: in an ba ka tuwo da tsoka ɗaya a miya, ba ka fara cin naman, sai ka tura shi gefen kwano ka gama da tuwo tukuna. Haka na yi da ɗan'uwana. Na ce bari in kawar da saƙonnin mutane, in ga teku, sannan in je in zauna da shi da kwanciyar hankali.

Na isa Kumasi da hantsi, kwana tara bayan ranar da na rubuta masa zan iso. Aka nuna mini gidan. Matarsa, wadda kuke kira Inna Asabe, ta fito, ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Kai ne Nomau." Ba tambaya ta yi ba. Ta kawo mini ruwa, ta bari na sha, sannan ta ce ya jira ni mako guda cur. Kullum da safe sai ya sa wankakkiyar riga ya tafi tasha, ya tsaya har motocin arewa su gama shigowa. Ragon da ya saya yana nan ɗaure a tsakar gida, na gan shi da idona. Ta ce shekaranjiya motar masu sayen goro ta tashi zuwa cikin kurmi, abincinsu na shekara ke nan, bai iya barin ta ta wuce shi ba. Zai yi mako biyu, kuma ba wanda ya san ƙauyen da suke.

Ta buɗe mini ɗakinsa. Na ga buzunsa, da butarsa, da hularsa a rataye a ƙusa. Na zauna a bakin gadonsa ban san iya lokacin da na ɗauka ba.

Saura kwana biyar a koma makaranta, kuma an ce masu duba makarantu za su zo a makon farko. Inna Asabe ta ce in zauna in jira shi. Na ce aiki. Na bar mata rigar mai warin daddawa na kamo hanya. Wannan shi ne kuskuren da ya fi duka, don sauran rashin sani ne, wannan kuwa da idona buɗe na zaɓa. Da na zauna, iyaka a ba ni takardar tuhuma, a rage mini wani abu, a manta. Masu duba makarantun ma ba su zo ba sai bayan wata biyu. In ka samu kanka tsakanin rumfarka da mutum, ka tuna rumfa tana da ƙofa, ana rufe ta a dawo a buɗe.

Za ka ce me ya hana ni komawa. Na tambayi kaina fiye da yadda za ka tambaye ni. Kowace shekara sai in ce baɗi. Baɗi aka haifi yayarka, baɗi aka yi mini canjin makaranta, baɗi rufin ɗaki ya zube. Ƙarƙashin duk wannan kuma kunya ce, ban san da wane ido zan dubi mutumin da ya yi mako yana tsayuwa a tasha saboda ni ba. Shi bai taɓa tayar da zancen ba, ko a takarda ko da waya ta zo. Ina cikin cewa baɗi har ƙafa ta ce ta gaji.

Yanzu ga halin da ake ciki, don na lura in ana waya da shi gaisawa kawai kake yi ka miƙo mini. Idonsa ya tafi shekara uku ke nan. 'Ya'yansa sun ce in baƙo ya zo, sai ya sa hannu ya shafa fuskarsa kafin ya yarda ya san shi. Tun bayan sallar layya kuma hankalinsa ya fara komawa baya. Ran nan da aka haɗa mu, bai tambaye ni iyali ba, bai tambayi ƙafa ba. Cewa ya yi, "Nomau, ka taso? Motar ta cika?" Na ce masa ta kusa, Yaya. Ya ce to, yana nan, ko'ina ba zai je ba.

Wannan shi ne mutumin da ka rubuta wa "in lokaci ya bari." Lokaci ba ya bari, ni shaida ne. Ka sauka Akara, kada ka shiga kasuwa, kada ka je kallon teku, ka nemi motar Kumasi a ranar. Ka yi kwana uku a gidan, ka ci abin da aka ba ka, ka zauna kusa da shi ko ba ya magana. Bayan nan ka gangaro Lome da Kwatano ka yi cinikinka a hanyar dawowa, da zuciya ɗaya. In shadda ta ƙare kafin ka iso, za a saƙa wata.

Kada ka zaci kishin ya wuce don na rubuta shi. Yana nan, ya ma fi na Juma'a. Ba Bamako nake yi wa ba yanzu, ba Abijan ba. Hannun nan da zai shafa fuskarka nake yi wa, don tawa ya kamata ya shafa, tun shekara talatin da suka wuce. Ka je ka karɓi abin da ni na zubar, kuma zan zauna nan a kan tabarma ina jin haushinka ina yi maka addu'a a lokaci guda. Ka yi haƙuri da ni.

Na ce kada ka karɓi saƙon kowa, don haka ni ma ba zan ba ka ƙunshi ba, ba riga, ba takarda. Abu ɗaya kawai. Kowa ya san goshina ne da kai, da hancina, kuma mahaifiyarka har yau ba ta rarrabe muryarmu a waya. Shekarunka kuma su ne nawa a lokacin da yake jirana a tasha. In ka durƙusa a gabansa ya shafa fuskarka ya ce, "Nomau, ka iso?" kada ka gyara masa. Ka ce, "Na iso, Yaya, mota ce ta yi latti." In akwai alhaki a ciki, a wuyana yake.

Allah ya sa ka fita a sa'a, ya kare ka daga sharrin hanya da na ƙarfe da na mutum, ya haɗa ka da mutanen kirki a duk inda ka sauka. Allah ya sa ka same shi da rai. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka biyo ta nan kafin ka wuce. Ka biyo ɗin, amma kada ka kwana.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka.